Super Eagles: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihin Tawagar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya

Duk inda masu son tamaula suka haɗu, a gidan kallo ne ko a majalisa bayan an tashi daga wasa, gardamar Super Eagles ba ta ƙarewa. Wani ya ce tawagar 1994 ta fi kowace, wani ya ce ta 1980 ce uwa, matasa kuma ba su san wani kofi ba sai na 2013. An tattaro tambayoyin da aka fi yi ne a nan, da amsoshinsu gwargwadon abin da tarihi ya tabbatar.

Yaushe aka fara tawagar, kuma wane ne wasanta na farko?

Tawagar ta girmi 'yancin kan ƙasar. A 1949, lokacin Turawan mulkin mallaka, aka zaɓo 'yan wasa 18 aka tura su Ingila ta jirgin ruwa domin su gwada ƙafa da ƙananan ƙungiyoyin can. Kyaftin ɗinsu Etim Henshaw ne, kuma a cikinsu akwai Teslim Balogun, wanda ake wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin bugunsa, wanda kuma aka sa wa wani filin wasa sunansa a Legas. Yawancinsu ba takalmi suka yi wasa, sai dai su naɗe ƙafa da bandeji. Duk da haka wasansu na farko, da ƙungiyar Marine da ke kusa da Liverpool, sun ci 5 da 2.

A kan hanyarsu ta dawowa suka yada zango a Freetown, inda suka doke Saliyo 2 da nema ranar 8 ga Oktoba, 1949. Wannan shi ake lissafawa a matsayin wasan ƙasa da ƙasa na farko na Najeriya. Hukumar ƙwallon ƙasar ta shiga FIFA a 1960, tawagar kuma ta fara zuwa gasar cin kofin nahiyar Afirka a 1963 a Ghana. Ba ta ji da daɗi ba: Masar ta ba ta 6 da 3, Sudan ta ba ta 4 da nema.

Tun farko sunanta Super Eagles?

A'a. Kafin 'yanci jajayen riguna take sawa, ana kiranta Red Devils. Bayan 1960 aka koma launin tutar ƙasa, kore da fari, sunan ya zama Green Eagles, an ɗauko shi daga mikiyar da ke kan tambarin ƙasa. Da wannan suna ta ci zinaren wasannin Afirka na 1973 a Legas da kofin 1980. Sunan Super Eagles a 1988 ya zo, bayan gasar da aka yi a Maroko.

Sau nawa ta ci kofin nahiyar Afirka?

Sau uku: 1980, 1994 da 2013. Kowanne da irin labarinsa, kuma yana da kyau a dube su ɗaya bayan ɗaya.

Na 1980 a gida aka ci shi, amma ba rana ɗaya aka gina tawagar ba. Tun tsakiyar shekarun 1970 wani koci ɗan Yugoslabiya da 'yan wasa ke kira Father Tiko ya haɗa ta, ya kai ta matsayi na uku a Habasha a 1976, da kuma a Ghana a 1978. Ƙashin bayanta ƙungiyoyi biyu ne na cikin gida, IICC Shooting Stars ta Ibadan da Rangers ta Inugu, waɗanda suka ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1976 da 1977. Otto Gloria ɗan Brazil ya zo ya ƙarasa aikin. Ranar 22 ga Maris, 1980, a babban filin wasa na Surulere, Najeriya ta lallasa Aljeriya 3 da nema. Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ya zura ɗaya. Kyaftin Christian Chukwu ya karɓi kofin daga hannun Shugaba Shehu Shagari, gwamnati kuma ta ba 'yan wasan gidaje da motoci. Abin lura shi ne kusan dukkansu a gasar cikin gida suke taka leda.

Na 1994 a Tunisiya, shi ne wanda aka fi tunawa. Clemens Westerhof ɗan Holand ya karɓi tawagar a 1989. A gasarsa ta farko, 1990, Aljeriya ta buɗe masa da 5 da 1, amma ya kai wasan ƙarshe. A 1992 ya zo na uku a Senegal. A 1994 ya ɗauki kofin. Wasan ƙarshen da Zambiya aka yi, ƙasar da ta rasa kusan dukan 'yan wasanta a hatsarin jirgin sama a gaɓar tekun Gabon a Afrilun 1993, ta sake haɗa sabuwar tawaga cikin shekara ɗaya. Duniya duk tana bayan Zambiya ranar, kuma su suka fara ci ta hannun Elijah Litana. Emmanuel Amunike ya farke, sannan ya ƙara ta biyu bayan hutun rabin lokaci. Rashidi Yekini ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, da guda 5.

Na 2013 kuwa ba wanda ya zata. Najeriya ba ta ma samu gurbi a gasar 2012 ba. Stephen Keshi ya ajiye wasu manyan sunaye, ya ɗauko 'yan wasan cikin gida irin su Sunday Mba da Godfrey Oboabona, aka yi ta sukarsa. Wasanni biyu na farko canjaras aka tashi, 1 da 1 da Burkina Faso, 1 da 1 da Zambiya, sai Victor Moses ya ci Habasha da fenariti biyu. A zagaye na gaba aka haɗa su da Kwaddibuwa ta su Didier Drogba da Yaya Toure, kowa ya ɗauka tafiya ta ƙare. Emmanuel Emenike da Mba suka fitar da ita 2 da 1. Mali ta sha 4 da 1, sannan ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, Mba ya sake zura ƙwallo ɗaya tilo a ragar Burkina Faso. Keshi ya zama mutum na biyu, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar, da ya ci kofin yana ɗan wasa ya kuma ci yana koci. Washegari ya ce ya ajiye aiki saboda yadda dangantakarsa da hukuma ta yi tsami ana tsakiyar gasa, sai da aka lallashe shi ya janye.

Wasan ƙarshe nawa ta rasa, kuma me ya sa ake yawan ambaton Kamaru?

Ta rasa biyar: 1984, 1988, 1990, 2000 da gasar 2023. Uku daga ciki Kamaru ce ta hana ta, shi ya sa duk wasan da ya haɗa ƙasashen biyu ke da zafi na daban.

A 1984 a Abijan, Muda Lawal ya fara ci, Kamaru ta dawo ta ci 3 da 1. A 1988 a Kasablanka, Henry Nwosu ya sa ƙwallo da ka, alƙalin wasa ya soke ta, Emmanuel Kunde kuma ya ci wa Kamaru da fenariti. Har gobe 'yan Najeriya ba su yarda akwai satar gida a ƙwallon Nwosu ba. Amma wanda ya fi ciwo shi ne na 2000, domin a Legas aka yi, gaban jama'ar gida. Samuel Eto'o da Patrick Mboma suka sa Kamaru gaba 2 da nema, Raphael Chukwu ya rage, Jay-Jay Okocha ya farke da wani bugu daga nesa. Da aka zo bugun daga kai sai mai tsaron raga, ƙwallon Victor Ikpeba ta daki sandar sama ta sauka bayan layi ta fito. Hotunan talabijin sun nuna ta shiga, alƙali ya ce ba ta shiga ba. A lokacin babu na'urar da za a koma a duba.

Na gasar 2023 kuwa, wanda aka buga da Kwaddibuwa ranar 11 ga Fabrairu, 2024, a Abijan, William Troost-Ekong ya fara ci da ka, amma Franck Kessie da Sebastien Haller suka juya wasan, mai masaukin baƙi ta ci 2 da 1. A gaskiya ranar Kwaddibuwa ta fi wasa, Najeriya ta koma baya da wuri ta tsaya tsare gida.

Ban da waɗannan, tsakanin 1976 da 2019 ta zo ta uku har sau 8. Wasu na kallon wannan a matsayin abin alfahari, wasu na cewa tagulla ta yi yawa. Duka biyun suna da hujja: ƙasashe kaɗan ne ke kai wa zagayen kusa da na ƙarshe a kai a kai haka, amma tawagar da ta kai wannan mataki fiye da sau 15 ya kamata a ce kofunanta sun wuce uku.

Me ya hana ta kare kofinta a 1996?

Siyasa. A Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan Ogoni takwas. Nelson Mandela na cikin waɗanda suka fi matsa lamba a hukunta Najeriya, kuma gasar 1996 a Afirka ta Kudu za a yi. Gwamnati ta janye tawagar tana cewa ba ta amince da tsaron lafiyar 'yan wasa ba. Hukumar CAF ta mayar da martani da haramta wa Najeriya shiga gasar 1998 a Burkina Faso.

A ganina wannan ita ce asara mafi girma a tarihin tawagar, ta fi kowace ƙwallo da aka ɓarar a fili. Ku duba waɗanda ke kan ganiyarsu a shekarun nan: Finidi George da Nwankwo Kanu sun ci kofin zakarun Turai da Ajax a 1995, Okocha na tashe a Jamus, Daniel Amokachi ya ci kofin FA da Everton, ga Sunday Oliseh, Amunike, Uche Okechukwu, Taribo West da Ikpeba. Tsakanin 1993 da 1999 'yan Najeriya sun lashe kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka sau biyar. Wannan zubi, wanda ƙasar ba ta sake samun irinsa ba, an hana shi gasa biyu a jere ba da laifinsa ba. Lokacin da ya dawo a 2000, wasu sun fara gajiya.

Me ya sa Najeriya ta daɗe ba ta je kofin duniya ba?

Ta sha zuwa bakin ƙofa. A Nuwamban 1977, a Legas, Godwin Odiye ya ci gida da ka a wasa da Tunisiya, ita ta tafi Ajantina. A 1981 Aljeriya ta doke ta gida da waje a zagayen ƙarshe. A 1989 abin ya zo da rashi: ranar 12 ga Agusta, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa da Angola a Surulere, ya rasu. Makonni biyu bayan haka Kamaru ta ci 1 da nema a Yawunde ta fitar da Najeriya, daga baya ta samu tikitin Italiya.

Sai ranar 8 ga Oktoba, 1993, aka samu gurbin farko, da kunnen doki 1 da 1 a birnin Aljiyas, Finidi ya ci wa Najeriya.

Yaya ta kasance a Amurka a 1994?

Kafin a fara, a Afrilun shekarar, FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya, matsayin da babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa. Wasan farko a Dallas ta ci Bulgeriya 3 da nema, ƙasar da daga baya ta fitar da Jamus ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Yekini ne ya ci ta farko, ya shige cikin raga ya riƙe ta da hannu biyu yana kururuwa. Wannan hoto shi ne aka fi sanin ƙwallon Najeriya da shi a duniya. Samson Siasia ya fara ci a wasa da Ajantina, Claudio Caniggia ya rama biyu, kuma wasan ne na ƙarshe da Diego Maradona ya buga wa ƙasarsa. Aka ci Girka 2 da nema, Najeriya ta zo ta ɗaya a rukuni.

Sai Italiya. Amunike ya ci a minti na 25. An ba Gianfranco Zola jan kati, Italiya ta koma mutum goma. Saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, a ƙarin lokaci ya ƙara da fenariti. Abin da ya karya Najeriya ranar shi ne Amunike da Amokachi duk sun ji rauni an fitar da su, sauran kuma suka shiga wasa da ƙwallo maimakon neman ta biyu. Italiyar nan ita ta kai wasan ƙarshe. Duk wanda ya kalli wasan ya san abin da aka rasa.

Sauran zuwan fa?

Jimilla sau shida ta je: 1994, 1998, 2002, 2010, 2014 da 2018. Sau uku ta fita daga rukuni, amma ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 ba, alhali Kamaru, Senegal da Ghana sun kai zagayen 'yan takwas, Maroko kuma ta kai na 'yan huɗu a 2022.

A Faransa a 1998 ta fara da doke Sifaniya 3 da 2 a Nantes. Mutiu Adepoju ya ci da ka, Garba Lawal ya buga wata daga gefe mai tsaron raga Zubizarreta ya tura ta cikin ragarsa, Oliseh ya rufe da wani bugu mai ƙarfi daga wajen da'ira. Ta ci Bulgeriya 1 da nema. Daga nan aka fara maganar haɗuwa da Brazil tun ba a buga da Denmak ba, Denmak ta zuba mata 4 da 1; Tijani Babangida ya ci ɗayar.

A 2002 maki ɗaya ta samu, daga canjaras da Ingila. A 2010 a Afirka ta Kudu ma maki ɗaya: tana gaba a wasa da Girka aka ba Sani Kaita jan kati, wasan ya juye, da Koriya ta Kudu kuma Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga babu kowa, ko da yake ya ci fenariti daga baya aka tashi 2 da 2. Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da dakatar da tawagar na shekara biyu, ya janye da FIFA ta yi barazanar hukunci. Zagi da barazanar da aka yi wa Kaita bayan wasan sun wuce kima, kuma abin kunya ne ga masu kallo.

A Brazil a 2014 Keshi ya kai ta zagaye na biyu bayan Peter Odemwingie ya ci Bosniya. Ta riƙe Faransa har kusan minti 80 kafin Paul Pogba ya ci, aka tashi 2 da nema. A Rasha a 2018 Ahmed Musa ya ci Aislan biyu, kuma saura minti huɗu ta tsallake rukuni Marcos Rojo ya ci wa Ajantina.

Da gaske ne kullum sai an haɗa ta da Ajantina?

Kusan haka. A zuwa shida, sau biyar suna rukuni ɗaya: 1994, 2002, 2010, 2014 da 2018. Duka biyar Ajantina ta ci, kuma duka da tazarar ƙwallo ɗaya. Mafi armashi shi ne na 2014, 3 da 2, inda Lionel Messi ya ci biyu, Musa ma ya ci biyu.

Zinaren Atlanta na 1996, Super Eagles ce ta ci?

A ƙa'ida a'a. Ƙwallon maza a gasar Olamfik ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, ana ƙara manya uku. Amma da yawa daga 'yan wasan su ne na babbar tawaga, shi ya sa mutane ba sa rabewa. Jo Bonfrere, wanda ya yi mataimakin Westerhof, shi ne koci. A wasan kusa da na ƙarshe Brazil ta su Ronaldo, Bebeto da Roberto Carlos tana gaba 3 da 1 saura kusan minti 12. Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na ƙarshe, ya sake ci a ƙarin lokaci, wasa ya ƙare nan take bisa dokar lokacin. A wasan ƙarshe aka ci Ajantina 3 da 2 ta hannun Celestine Babayaro, Amokachi da Amunike. Ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta ci zinaren ƙwallon ƙafa a Olamfik.

An sake samun azurfa a 2008 a Beijin, da tagulla a 2016 a Rio, inda Sadiq Umar ya ci Honduras biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. 'Yan ƙasa da shekara 17 kuma sun ci kofin duniya sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015.

Wace rawa 'yan wasan da suka tashi a Arewa suka taka?

Babba, kuma ba a cika faɗa ba. Kaduna kaɗai ta ba da Yekini, wanda a can aka haife shi ya kuma fara wasa da UNTL, da Amokachi da ya fito daga Ranchers Bees, da Babayaro, Tijani Babangida da Garba Lawal. Babangida ne ya ci Afirka ta Kudu biyu a wasan kusa da na ƙarshe a 2000. Lawal ya shafe shekaru yana cikin tawagar, duk inda aka sa shi a gefen hagu sai ya yi aiki, ba hayaniya. Jos ta raini Odegbami, ta ba da Mikel Obi da Ahmed Musa. Musa ya yi suna ne a Kano Pillars, inda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cikin gida a 2010 da guda 18. Bayansu akwai Shehu Abdullahi daga Sakkwato, Zaidu Sanusi daga Jega, da Alhassan Yusuf daga Kano.

Filin wasa na Sani Abacha da ke Kano ya karɓi wasanni a gasar Afirka ta 2000. Haka kuma a gasar da aka buga a Kamaru a Janairun 2022, a Garwa Najeriya ta yi wasanninta, jama'ar garin da masu tsallako iyaka suka cika fili kamar a gida take. Ta ci wasannin rukuni uku duka, har da Masar, sannan Tunisiya ta fitar da ita 1 da nema.

Su wa suka kafa tarihi a tawagar?

Yekini ne ya daɗe a sama wajen zura ƙwallo, da guda 37. Victor Osimhen ya riga ya wuce Odegbami yana bin sahunsa. Ahmed Musa ya fi kowa yawan wasanni, ya zarce Vincent Enyeama da Joseph Yobo waɗanda su ma suka kai ɗari, kuma shi ya fi cin ƙwallo a kofin duniya, guda 4. Waɗanda suka zama gwarzon Afirka su ne Yekini a 1993, Amunike a 1994, Kanu a 1996 da 1999, Ikpeba a 1997, sai dogon jira har Osimhen a 2023 da Ademola Lookman a 2024. Okocha bai taɓa samun kyautar ba, abin da mutane da yawa ke ganin rashin adalci ne.

Yekini ya rasu a Mayun 2012 bayan ya shafe shekaru a keɓe a Ibadan. Mutumin da ya ci wa ƙasarsa ƙwallon farko a kofin duniya ya cancanci kulawa fiye da wadda ya samu.

Kocin gida ya fi ko na waje?

Tarihin bai goyi bayan ɓangare ɗaya ba. Baƙi biyu sun ci kofin Afirka, ɗan gida ɗaya ya ci. Berti Vogts, wanda ya ci kofin Turai da Jamus, ya zo ya tsaya a zagayen 'yan takwas a 2008. Abin da ya fi asalin koci muhimmanci shi ne lokacin da aka ba shi. Westerhof ya yi shekara biyar, ya sha kaye, aka bar shi, kuma yana da kunnen manyan gwamnati da ke kare shi daga katsalandan. Gernot Rohr ma ya yi shekara biyar daga 2016, ya kai ta Rasha tun saura wasa ɗaya a rukunin da ke da Kamaru, Aljeriya da Zambiya, ya zo na uku a 2019.

Kocin gida kuwa ba a cika yi masa wannan haƙuri ba. Shuaibu Amodu ya samar wa Najeriya gurbin kofin duniya na 2002 da na 2010, sau biyun an sallame shi 'yan watanni kafin gasar saboda ya zo na uku a Afirka, waɗanda suka gaje shi kuma ba su ci ko wasa ɗaya ba. Keshi ya yi ta bin bashin albashinsa bayan ya kawo kofi, aka sallame shi a 2015. Shi da Amodu sun rasu a Yunin 2016, kwanaki kaɗan a tsakaninsu. Bayan kofin 2013 Najeriya ba ta samu zuwa gasar 2015 da ta 2017 ba.

Me ya jawo ta rasa kofin duniya na 2006, 2022 da 2026?

Duka ukun a gida aka zubar da makin. A neman gurbin 2006 ta sha kashi 1 da nema a Luwanda, sannan ta yi 1 da 1 da Angola a Kano a Yunin 2005. Sun ƙare da maki daidai da juna, amma dokar ta ce a duba wasannin da suka yi tsakaninsu, Angola ta tafi Jamus. A Maris ɗin 2022 ta yi canjaras babu ci a Kumasi, ta dawo Abuja Thomas Partey ya ci da wuri, Troost-Ekong ya farke da fenariti, Ghana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje. 'Yan kallo suka faɗa fili suka yi ɓarna.

Na 2026 ya fi wuyar yafewa, domin an ƙara yawan ƙasashe zuwa 48, Afirka ta samu gurbi tara kai tsaye. Najeriya, da Osimhen da Lookman a hannunta, ba ta ci ko ɗaya daga wasanninta huɗu na farko ba: canjaras da Lesotho a Uyo, canjaras da Zimbabuwe, canjaras da Afirka ta Kudu a Uyo, sannan Benin, wadda Rohr ke horaswa, ta doke ta 2 da 1. Masu horaswa uku suka jagoranci neman gurbin, Jose Peseiro, Finidi George da Eric Chelle ɗan Mali, wanda ya karɓa a Janairun 2025. Chelle ya farfaɗo da ita ta zo ta biyu bayan Afirka ta Kudu, ta samu damar wasannin cike gurbi a Rabat a Nuwamban 2025. Ana saura kwana biyu wasan farko 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda alawus ɗin da suke bi, irin rikicin da ya faru a Brazil a 2014 kafin wasan Faransa. Sun ci Gabon 4 da 1 bayan ƙarin lokaci, sannan suka yi 1 da 1 da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wadda ta fitar da su a bugun fenariti 4 da 3. Wannan ne karo na farko tun 1994 da Najeriya ta rasa kofin duniya biyu a jere.